Yadda Aka Auna Gudun Jini a Kan Ɗana Mai Sikila

Ɗana mai sikila ne, SS, amma a layinmu na Aboabo ba kowa ya sani ba, domin ba ya cikin yaran da ake kwasa zuwa asibiti da tsakar dare suna ihun ciwon ƙashi. Sunan kakansa ya ci, saboda haka Ƙarami muke ce masa a gida. Tun yana jariri aka gano ciwon, ta ɗigon jinin da ake ɗauka a diddigen jarirai, gwajin da aka fara a nan Kumasi a 1995 a asibitin Komfo Anokye. Da ciwon muka tashe shi, mun kuma san dokokinsa: folik asid kullum, fenisilin lokacin yana ƙanƙani, gidan sauro, gorar ruwa a jakar makaranta, rigar sanyi da zarar hunturu ya leƙo. Hannu da ƙafa da ciki da farin ido, nan hankalina yake. Zancen kai bai taɓa shigowa ba sai da ya shekara 7.

Ranar ganin likita ce kamar kowace. Likitar 'yar Asante ce, yarinya ƙarama, da yarensu muke magana, inda ya kakare kuma wata nas da ta tashi a Asawase ta sa mana baki da Hausa. Ta juya katinsa gaba da baya, ta ce, "Maame, an taɓa yi masa TCD?" Na ce ban san shi ba. Ta ce gwaji ne na auna gudun jini a jijiyoyin kai, wanda ya kamata a riƙa yi wa duk yaro mai SS sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16, ko yana ciwo ko ba ya yi. Na ce ai nawa da sauƙi, Dokta, bara gaba ɗaya ba mu kwanta asibiti ba. Ta ce wannan gwajin ba ruwansa da ciwon ƙashi. Yaro zai iya shekara da shekaru bai kwanta ba, alhali manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwarsa suna ta tsukewa ba wanda ya sani, sai ranar da aka tashe shi da asuba aka ga baki ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa.

Ni a sanina shanyewar ɓarin jiki ciwon manya ne, na masu hawan jini. In ta sami yaro a Zango, abin da ake cewa iska ce ta buge shi, ko ya taka wani abu, ko ya fita da almuru. Nas ɗin ta ce yaran da yawa da ake faɗa wa haka masu sikila ne. Cikin masu SS 100, kusan 11 sukan gamu da shanyewar jiki kafin su kai shekara 20 in ba a ɗauki mataki ba, kuma haɗarin ya fi yawa a shekarun ƙuruciya, kafin yaro ya kai 10. Wannan lissafi ya fito ne daga wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1998, kuma sunan da ke kan gaba a takardar na ɗan ƙasarmu ne, Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, tsohon ɗalibin Prempeh College, wanda ɗansa na fari ma da sikila aka haife shi. Shi ne ya tsaya kai da fata har aka kafa gwajin jarirai a Kumasi. Ya rasu a 2022. Can a Amurka cikin cututtukan da ba a cika gani ba ake lissafa sikila. Mu nan Gana kuwa, cikin jarirai 100 kusan 2 da ita ake haifarsu.

Samun wurin gwajin shi ne wahalar farko. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, inda take kuma ba kowa ya iya aiki da ita ba. An rubuta mana takarda zuwa wani wuri, muka je aka ce mai yi ya yi tafiya. Da muka koma, Ƙarami na da mura da ɗan zazzaɓi, sai mai gwajin ya ce mu tafi sai ya warke sarai, domin zazzaɓi yana ƙara wa jini gudu, sakamakon ba zai zama gaskiya ba. Raina ya ɓaci ranar, na rufe shagon ɗinki na biya kuɗin mota, amma daga baya na gane gaskiyar mutumin.

Shi gwajin kansa ba komai ba ne. Ba allura, ba ɗibar jini, ba a hana yaro cin abinci. Ya kwanta rigingine, aka shafa masa wani mai mai sanyi a gefen goshi, tsakanin ido da kunne, inda ƙashin kai ya fi sirantaka, aka ɗora wani ɗan abu mai waya a wurin. Irin na'urar hoton masu ciki ce, sai dai wannan sauti take kamowa. Can sai ɗakin ya cika da wani fuu, fuu, fuu, daidai da bugun zuciya. Ƙarami ya zaro ido, mai gwajin ya ce masa jininka ne kake ji. An gargaɗe ni kada in bari ya yi barci, kada kuma ya yi kuka ko surutu, domin yadda yaro ke numfashi yana sauya gudun jinin kai. Aka yi dama, aka yi hagu, wajen rabin awa ko fiye. A gefen hagu na lura mutumin ya daɗe, yana matsar da abin kaɗan-kaɗan yana komawa wuri ɗaya, kuma ya daina yi wa yaron wasa.

Likita ce ta fassara mini takardar. Ta ce in tuna masu wankin mota: in yaro ya danne bakin tiyo da babban yatsa, ruwa yakan fita da ƙarfi, ba don ruwan ya ƙaru ba, sai don hanya ta tsuke. To gudun jinin ake aunawa, santimita nawa yake ci a sakan ɗaya. Ƙasa da 170 lafiya lau, a dawo baɗi. Daga 170 zuwa 199 ana sa ido, a maimaita ba da daɗewa ba. Daga 200 zuwa sama kuwa haɗari ne, yaron da aka bari haka ba magani, cikin irinsa 10 ɗaya zai iya shanyewa a kowace shekara. Na Ƙarami a dama yana ƙasa da 170, a hagu ya haura 200. Aka maimaita ba da jimawa ba, abin bai sauya ba.

Na tambaye ta me ke tsuke jijiyar. Ta ce jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila suna lanƙwashewa, suna da danƙo, kuma saurin fashewa suke yi. Suna wucewa suna gogar bangon jijiya daga ciki, abin da ke fita daga waɗanda suka fashe kuma yana cinye sinadarin da ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe. Bango ya yi ta rauni yana warkewa da kauri, rami yana raguwa. Ga ƙarancin jini, wanda ke sa zuciya tura jinin da sauri don ƙwaƙwalwa ta sami iskar da take buƙata. Wurin da abin ya fi kamawa shi ne ƙarshen manyan jijiyoyin nan biyu da ke hawa ta wuya, daidai inda suke rabuwa a gindin ƙwaƙwalwa.

Sai ta ce tana son hoton MRI, wanda zai nuna ƙwaƙwalwar da jijiyoyin. Nan ne kuɗi ya yi magana. Na roƙi matan adashinmu suka ba ni kwasar wata da ba nawa ba, maigidan ya ciwo sauran wajen abokin aikinsa. Ramin na'urar da ƙararta sun fi ba ni tsoro fiye da yaron. Da alƙawarin ƙwallo sabuwa ya kwanta bai motsa ba, ba a kai ga ba shi maganin barci ba.

Hoton ya nuna jijiyar hagu ta ɗan tsuke, ba ta kai mummunan mataki ba. Amma akwai wani abu kuma, wani ɗan farin tabo a gaban ƙwaƙwalwa. Likita ta ce wani ƙaramin wuri ne da jini ya taɓa yankewa ya mutu ba tare da an ga alama a jiki ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na yara masu SS suna da irinsa kafin su girma. Ta tambaye ni yaya karatunsa. Na yi shiru. Tun wajen shekara guda malaminsu na makarantar allo yake kawo ƙara, wai Ƙarami ya zama mai wasa, a biya masa aya yanzu, a juya a tambaye shi ya manta, yaron da a da shi ke biya wa 'yan ajinsu. Ya sha bulala a kan wannan. A boko ma malamarsu ta rubuta cewa hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Likita ba ta ce lallai tabon ne ya jawo ba, ta dai ce irin wannan tabo yakan taɓa riƙe abu a ka da natsuwa. A cikin pragya, keken haya mai ƙafa uku, muna komawa gida ina riƙe da hannunsa, shi kuwa zancen ƙwallonsa kawai yake yi.

Magani iri biyu aka shimfiɗa mana. Na farko ƙarin jini duk wata, ba don jininsa ya yi ƙasa ba, sai don a tsarma jinin sikilar da lafiyayye har nasa ya koma ƙasa da kashi 30 cikin 100. An gwada wannan a Amurka kan yara 130 masu irin sakamakon Ƙarami, aka buga a 1998: cikin waɗanda ake ƙara wa jini ɗaya ne ya shanye, cikin waɗanda ba a ƙara wa ba 11, har aka tsayar da binciken kafin lokacinsa. Na biyu ƙwaya ce, haidroksiyuriya, wadda ke sa jiki ya koma yin irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Shawararta ita ce a fara da ƙarin jini saboda abin da hoto ya nuna, a haɗa da ƙwayar a hankali, in an shekara ko fiye gudun ya sauka, jijiyar kuma ba ta ƙara tsukewa ba, sai a duba ko za a bar shi kan ƙwaya kaɗai. Ta ja mini kunne cewa ba a dakatar da jinin haka kawai a zauna, an gwada an ga gudun yana komawa sama.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da na tarar a gida. Ta yaya za ki gaya wa mutane yaron da ke tsakar gida yana tsalle, ya cinye kwanon wake da shinkafa yana neman ƙari, wai yana bakin haɗari? Surukata ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ke yanzu yaro lafiyarsa ƙalau, za ki kai shi a riƙa ɗura masa jinin wanda ba mu san asalinsa ba? Neman ciwo da kuɗi ke nan." Na ce, "Hajiya, ciwon yana nan, ido ne bai gan shi ba." Ta ce likitoci ba su san gaibu ba. Na ce gaskiya ne, amma wannan ba gaibu ba ne, abu ne da aka auna, kamar yadda ake auna mata hawan jini tana shan magani alhali ba ta jin komai. Ba ta amsa ba, amma ba ta yarda ba. Sai ga wata ƙanwar maigidan ta binciko a waya cewa haidroksiyuriya maganin ciwon daji ne. Gidan ya ɗauka. Gaskiya ne, asalinsa ke nan, kuma har yanzu ana ba masu wasu cututtukan jini na daban, amma adadin da ake ba yaro mai sikila gwargwadon nauyinsa ne, kuma ana bin sa da gwaji.

Maigidan direban babbar mota ne, hanyar Tamale da Bolga yake bi, ba mai yawan magana ba ne. Na matsa masa ya zo asibiti da kansa. Abin da ya sauko da shi, ga mamakina, sunan Kano ne. Likitar ta ba shi labarin binciken da aka yi a asibitin koyarwa na Aminu Kano da asibitin Murtala da wani a Kaduna, kan yara 220 masu gudun jini irin na ɗanmu, aka ba su wannan ƙwaya, wasu kaɗan wasu matsakaici, domin a can ma ƙarin jini duk wata ya fi ƙarfin yawancin iyaye. Sakamakon ya fito a farkon 2022: 'yan ƙalilan ne suka shanye, nesa ba kusa ba da abin da aka saba gani in ba magani. Kakan maigidan falke ne na goro daga Kano, duk abin da aka ce daga can ya fito yana da daraja a wurinsa. Ya ce in dai a kan 'ya'yan Hausawa aka gwada, ya yarda. Shi ya shawo kan Hajiya, ban san me ya ce mata ba. Sharaɗinta ɗaya, ba za a daina rubutu da tofi ba. Na ce wa ya isa ya hana addu'a?

Jini kuma sai an nemo. A nan galibi in an ba naka leda ɗaya, sai ka kawo wanda zai mayar. Ni da ubansa duka AS ne, namu ba shi ake so a sa wa mai sikila ba, likita ma ta ce ba ta son jinin dangi na kusa ya shiga jikinsa. Sai dai mu kawo mutane su zuba a ma'ajiya, a zaɓo masa wanda ya dace. Ƙanena ya je majalisarsu ta samari. Da farko kowa ya noƙe, wai ba da jini yana rage wa namiji ƙarfi. Limamin masallacin layinmu ne ya yi magana bayan wata sallar Juma'a, bai ambaci sunanmu ba, ya ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne gaba ɗaya. Daga nan muka sami samarin da ke karɓa-karɓa, domin ba a ɗibar mutum ɗaya duk wata. Ni kuma duk wanda ya je, kayan Sallarsa ni ke ɗinkawa, ba na karɓar ko kwabo.

Ranar ƙarin jini yini guda ce. A ɗebi nasa a gwada da na ledar, a jira, a sa masa allura a bayan hannu, jini ya yi ta ɗiga awanni, nas tana zuwa tana duba zafin jiki. Sau ɗaya jikinsa ya yi borin jini, aka tsayar aka ba shi magani. Abin da ban sani ba sai da muka yi nisa shi ne zancen ƙarfe. Kowace leda tana shigowa da sinadarin ƙarfe, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da shi, sai ya taru a hanta da zuciya. Akwai gwajinsa, akwai kuma maganin da ke wanke shi, mai tsada. Wannan yana cikin dalilan da suka sa kowa ke fatan a kai ga ƙwaya kaɗai. Ita ƙwayar tun 2022 aka sa ta cikin magungunan katin inshora, ko da yake wani lokaci akan ce ta ƙare sai mu saya a waje. Da farko ana ɗibar jininsa akai-akai don a tabbata fararen ƙwayoyin jini ba su faɗi da yawa ba. Farcensa ya ɗan yi duhu, an ce ba komai. Nakan wanke hannu bayan na ba shi, kuma an ce mai ciki kada ta taɓa ƙwayar.

A ɗakin ƙarin jinin na saba da wata mata daga Tafo, 'yarta ta girmi Ƙarami, tana jan ƙafar dama, maganarta a hankali. Su ba a yi musu gwajin ba sai bayan abin ya faru, sun kuma yi kwanaki a gida ana hayaƙi kafin su zo. Na yarinyar ya kai matakin da likitoci ke kira moyamoya, sunan da likitocin Japan suka sa masa: manyan jijiyoyin sun kusa toshewa, jiki ya tsiro da wasu sirara barkatai don su kewaye wurin, ga su ba ƙwari, suna iya toshewa, suna iya fashewa. Uwar ta ce in yarinyar ta yi kuka mai tsanani, ko ta daɗe tana hura koko mai zafi, sai hannunta ya saki na ɗan lokaci sannan ya dawo, domin numfashi da sauri yana ƙara tsuke jijiyoyin kai. Akwai tiyatar da ake ɗauko jijiya daga fatar kai a kwantar a kan ƙwaƙwalwa don sababbin hanyoyi su tsiro, ana ta yi musu maganarta. Likita ta ce ba sikila kaɗai ke kawo wannan ba, ana ganinsa jefi-jefi a masu talasimiya da wasu cututtukan da ke fasa jajayen ƙwayoyin jini ko suke sa jini saurin daskarewa, amma a ƙasarmu sikila ce kan gaba. Wanda ya taɓa shanyewa sau ɗaya, in ba a riƙe shi da ƙarin jini ba, kusan biyu cikin uku sukan sake.

Bayan sanin matar nan ne na je makarantun Ƙarami duka biyu. Na durƙusa na gaida malamin allo, na ce, "Allah gafarta Malam, mantuwar yaron nan ba iskanci ba ne, akwai abin da aka gani a kansa." Ya yi salati, ya ce me ya sa ba a gaya masa tun da wuri ba. Yanzu aya biyu yake rubuta masa a allo maimakon biyar, kuma ya zaunar da shi kusa da shi. Na gaya masa, na kuma gaya wa malamar boko: in kun ga bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe, ko ya kama kai yana ihu, ko ya yi farfaɗiya, ko da abin ya wuce cikin minti biyar, a sa shi a mota zuwa babban asibiti inda ake da jini, sannan a kira ni. Kada a tsaya a kemis, kada a jira ubansa, kada kuma a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, domin mai shanyewar jiki yakan kasa haɗiya ya shaƙe. A yi masa tofi a cikin mota. A irin wannan hali ƙarin jini na gaggawa ake yi wa mai sikila, kuma duk awar da ta wuce wani yanki na ƙwaƙwalwa ne ke tafiya.

Gwajin TCD na baya-bayan nan ya nuna hagun ya sauko ƙasa da 170. Likita ta ce kada in yi saurin murna, jinin da ake ƙarawa ne ya sauke shi, sai an sake MRI an ga jijiyar kafin a yi zancen janye jinin, don haka na sake shiga adashi. Tabon kuwa yana nan, ba ya gogewa. Haddarsa ta ɗan gyaru, ko don rage masa da aka yi ne, ko don bulala ta tsaya.

Mata biyu a layinmu sun zo shago sun tambaye ni hanya, bayan sun ji daga bakin Hajiya. Ta farko ɗanta SC ne, wani nau'in sikila daban da SS, likita ta ce masu SC haɗarinsu bai kai na SS ba, ba a sa su cikin gwajin shekara-shekara, sai dai a ci gaba da zuwa asibiti, a kuma riƙa duba masa ido in ya tasa. Ta biyu 'yarta SS ce, shekararta 3. An ba su rana bayan Sallah, na ce ta tabbata yarinyar ba ta da zazzaɓi kafin su kama hanya, ta kuma tafi da abin da zai hana ta kuka.